Kirisantimam a Tsakar Gida: A Zariya, Dare Ake Fara Gyara Masa

Wanda ya sayi tukunyar furen kirisantimam a wajen masu sayar da furanni na bakin titi, ya kai ta gidansa a Tudun Wada, kusan abu ɗaya ne yake samunsa. Furen da ya zo da shi zai yi mako biyu ko uku ya bushe, sabon toho ya fito daga gindi, amma kafin tohon ya kai tsawon taƙi guda sai ya ɗaure ƙullin fure ya tsaya cak, ba tsayi ba cika, furen ƙanana tsilli-tsilli. Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce ƙasar ce ba ta da ƙarfi, ya ƙara taki har ya ƙone saiwar. Wani ya ɗora laifin a kan zafin Arewa, wani kuma ya ce mai furen ne ya cuce shi. A ganina duk wannan zargi ya kauce wa inda gizo ke saƙar. Abin da ke tsugunar da wannan fure a Zariya shi ne tsawon darenmu, wanda ba ya gajarta yadda shukar take buƙata ko sau ɗaya a shekara. Mai shukar da ya gane haka, ya katse daren da ƙwan fitila guda a lokacin girma, sannan ya auna lokacin fure ya faɗo cikin hunturu, zai samu tukunya cike da fure mai daɗewa fiye da wata guda. Sauran aikin, na ƙasa da ruwa da taki, duk wanda ya taɓa renon tumatir ko attaruhu ya san rabinsa.

Asalin shukar daga ƙasar Sin take, inda aka yi fiye da shekara dubu biyu ana nomanta. Daga can ta shiga Japan har ta zama tambarin gidan sarautar ƙasar, sannan wani ɗan kasuwa na birnin Marsai ya kai ta Faransa a 1789. Danginta ba baƙi ba ne a wajenmu, domin gida ɗaya take da shuwaka da latas. Abin lura a tarihin nan shi ne duk ƙasashen da aka raine ta, aka kuma zaɓi irinta, ƙasashe ne da yini ke miƙewa ƙwarai a wani ɓangare na shekara ya kuma tsuke a wani. A Landan yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai cika awa 8 ba. A irin wannan wuri shukar takan shafe watannin dogon yini tana zuba ganye da rassa, sai dare ya fara tsawo sannan ta juya ga fure, lokacin ta riga ta yi jiki.

A 1920 ne wasu masu bincike biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa tsawon yini ne ke sa wasu tsirrai fure, bayan sun yi gwaji da taba da waken suya. A 1938 Hamner da Bonner suka ƙara gano cewa abin da shukar take aunawa shi ne tsawon duhun da bai katse ba, domin ɗan haske a tsakiyar dare ya isa ya hana ta fure ko da daren ya yi tsawo. Manomin ƙasar Zazzau bai jira wannan bincike ba kafin ya san abin a aikace. Ya san waken kanannado ko an shuka shi da wuri sai dai ya yi ta yaɗo yana tara harawa, ba zai yi fure ba sai damina ta doshi ƙarewa. Ya san dawa farafara da ƙaura suna da lokacin fitar da kai wanda ba ya bin ranar shuka sosai, haka ma yakuwa da rama. Waɗannan amfanin gona namu sun saba da ɗan bambancin da ke tsakanin yinin damina da na kaka a nan, suna iya jin ragin minti ashirin ko talatin. Kirisantimam ma'auninsa daban ne. Galibin irin da ake sayarwa suna fara ƙulla fure muddin hasken yini ya gaza kimanin awa 14 da rabi, ƙullin kuma yana girma ya buɗe idan hasken ya gaza kimanin awa 13 da rabi. Zariya tana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya. Yininta mafi tsawo, a ƙarshen Yuni, kimanin awa 12 da minti 45 ne, mafi gajarta kuma a Disamba kimanin awa 11 da rabi. Ko an haɗa da hasken da ke gabanin fitowar rana da wanda ke biyo bayan faɗuwarta, da ƙyar yinin Yuni yake taɓa awa 13 da rabi. Ke nan a wajen wannan shuka kowace rana a Zariya ranar yin fure ce, tun daga ranar da ta fitar da ganyen farko. Shi ya sa umarnin da ke cikin littattafan lambu na Turai, wanda ke cewa a dasa a watan kaza a jira watan kaza, ba ya aiki a nan. An rubuta shi ne bisa zaton cewa sararin sama zai ba da dogon yini kyauta, mu kuwa sai mun ƙirƙiro shi da kanmu.

Ba mu kaɗai muke da wannan hali ba, kuma hujja mafi ƙarfi tana wajen waɗanda suka riga mu. Garin Da Lat na ƙasar Biyetnam yana kan kusan digiri 12, wato daidai da Kano, tsawon yininsa kamar namu ne, amma ya shahara da noman kirisantimam na kasuwa, kuma da dare rumfunan manomansa haske suke yi fal saboda ƙwayayen lantarkin da suke rataya wa shukar. Haka manoman fure na Kolombiya da na tsaunukan Maleshiya suke yi, su da suka fi mu kusa da tsakiyar duniya. Za a iya cewa ai Da Lat tana kan tudu mai tsayin mita 1,500, Zariya kuwa ba ta kai mita 700 ba, saboda haka a bar wa mutanen Jos wannan fure. Akwai gaskiya a ciki, domin zafi abokin gaba ne na biyu. Idan zafin rana ya yi ta haura digiri 30 kuma dare bai huce ba a makonnin da shukar ke ƙulla fure, ƙullin yakan makara, ya fito a karkace, launin ya koɗe. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne ba za mu iya samun fure mai kyau a kowane wata ba yadda suke samu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke wuce digiri 35, wahalar banza ce. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu kuwa, lokacin da daren hunturu ke saukowa wajen digiri 15, muna da yanayin da furen yake so, ga rana wadatacciya ga sanyin dare mai ƙara wa launi kaifi. Tagar ƙarama ce, shi ya sa ake lissafa ta daga baya zuwa gaba.

Ga yadda lissafin yake. Daga ranar da aka daina katse dare zuwa ranar da fure ya buɗe, yawancin iri suna ɗaukar mako 8 zuwa 10. Wanda yake son fure daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu sai ya kashe fitila tsakanin ƙarshen Oktoba da makon farko na Nuwamba. Kada a jinkirta har tsakiyar Disamba da tunanin ƙarin sanyi ya fi, saboda dalili biyu: wasu iri suna nawa wajen ƙulla fure idan dare ya yi sanyi da yawa, kuma furen zai zo ya buɗe a ƙarshen Fabrairu, bazara ta tarye shi ta ƙone shi cikin kwanaki. Kafin ranar kashe fitila shukar tana buƙatar mako 5 zuwa 6 a tukunya tana girma, kafin wannan kuma tana buƙatar mako 2 zuwa 3 tana yin saiwa. Idan aka tara, ranar yankan reshe ta faɗo a farkon Satumba. Mai son shuka babba, wadda za a tsinke wa kai sau biyu, sai ya fara tun tsakiyar Agusta, amma ya sani cewa a lokacin ruwa ya fi yawa a Zariya kuma ruɓewa ta fi sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya tuna da furen a watan Disamba sai dai ya saya.

Da reshe ake yaɗa kirisantimam, kamar shuwaka, domin ƙwayar iri ba ta maido da kamannin uwar. Sai a nemi uwa mai lafiya, wadda ganyenta ba shi da ɗigo-ɗigo ko murɗewa, a yanki kan toho mai taushi tsawon santimita 6 zuwa 8 da sabuwar reza, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Muhimmin sharaɗi shi ne tohon ya kasance bai ɗaure ƙullin fure ba. Reshen da ya riga ya ƙulla zai iya yin saiwa, amma ba zai koma girma yadda ya kamata ba, kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa tun kafin su fara. Saboda haka ita kanta uwar sai an sa ta a ƙarƙashin fitila wata guda ko fiye kafin yanka, bayan an datse mata tsofaffin rassa, don ta fitar da toho mai ganye zalla. A cire ganyen ƙasa a bar uku ko huɗu na sama, a soka kashi ɗaya cikin uku na reshen a cikin yashin rafi mai tsabta, wanda aka wanke ko aka zuba wa tafasasshen ruwa ya huce. Kasko mai huji ko tsohon kwano ya isa. A ajiye a inuwa mai haske inda ruwan sama ba ya dukansa, misali ƙarƙashin baranda, a riƙa yayyafa ruwa sau biyu ko uku a yini don kada ganyen ya yi yaushi, amma kada yashin ya zama caɓi. Garin sa saiwa da ake sayarwa a shagunan kayan gona yana hanzarta aikin, sai dai ba dole ba ne, wannan shuka ba ta da gardama wajen saiwa. Bayan mako biyu, idan aka ɗan ja reshen aka ji ya riƙe, to ya kama.

Gidajen Tudun Wada da yawa an shafe tsakar gidansu da siminti, wasu kuma na haya ne, don haka tukunya ta fi kunya dacewa, kuma ko ga mai fili ina ganin tukunyar ce ta fi, domin ana iya ɗauke ta daga haske zuwa duhu, daga rana zuwa inuwa. Tukunyar ƙasa mai faɗin santimita 25 zuwa 30 ta fi bokitin roba, saboda tana numfashi tana sanyaya saiwa, amma bokitin fenti da aka wanke aka huhhuda gindinsa ma yana yi. Saiwar kirisantimam ba ta zurfi, kuma ba ta jure kwanciyar ruwa ko na yini biyu. Jar ƙasar da ake gini da ita takan daskare ta toshe, laka kuma ta riƙe ruwa, saboda haka a haɗa kashi biyu na baƙar ƙasar lambu, kashi ɗaya na kashin shanu ko na awaki da ya ruɓe sarai har ya daina wari, da kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa ko buntun shinkafa da aka babbake. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen taki kowane iri kuma yana gayyato gara. Kada a zuba toka da yawa, shukar ta fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, toka kuwa tana kashe tsamin har ganye ya fara yin ɗorawa. A dasa reshe uku a tukunya guda, a ɗan karkata kawunansu waje don su buɗe, a ɗora tukunyar a kan bulo ko duwatsu nesa da bakin indararo. Bayan kwana uku ko huɗu a inuwa sai a fitar da ita inda za ta samu ranar safe zuwa azahar, aƙalla awa 5 ko 6. Gefen katangar da ke kallon gabas shi ne wuri mafi kyau a yawancin gidaje.

Sai maganar fitila, wadda ga sababbin rassa tun daga ranar yankansu take farawa. Manoman kasuwa sukan kunna haske na awa 4 a tsakiyar dare, daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 2, don raba dogon dare gida biyu ta yadda babu ɓangaren da zai kai tsawon da shukar ke buƙata. A gida ba sai an tashi tsakar dare ba. Ana iya kunnawa daga magariba a bar ta har wajen ƙarfe 11, ko ma a bar ta ta kwana, duk ɗaya ne a wajen shukar. Hasken da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na rana: idan mutum zai iya karanta jarida a daidai kan ganyen ba tare da wahala ba, ya wadatar. Ƙwai guda mai wat 7 zuwa 10, na irin marasa cin wutar nan, a rataye kimanin mita ɗaya a saman tukwane, zai riƙe tukunya huɗu zuwa shida da aka jera kusa da juna. Mai haske ja-ja ya fi mai fari fat mai shuɗi-shuɗi, domin jan ɓangaren haske ne ganyen ya fi ji. A nan ne mai karatu zai ce, da wace wutar? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce kada a dogara da wutar gari ko kaɗan. Dare ɗaya da aka rasa haske ba ya ɓata aiki, amma idan aka jera darare huɗu ko biyar cikin duhu shukar za ta fara ƙulla fure a ɓoye, kuma dawowar haske ba ta warware shi, sai dai ta haifar da ƙulli mara kyau da rassa barkatai. Ƙaramar fitilar sola mai kunna kanta da magariba, irin wadda mutane ke sawa a ƙofar gida, ko ƙwai mai caji, ita ce mafita. Sai dai a lura a watan Agusta da Satumba hadari yana rage cajin, don haka a duba a tabbata tana kaiwa ƙarfe 11 kafin ta mutu. Wanda yake da fitilar tsaro a tsakar gida tun da can, bai ƙara kashe ko kwabo ba, jera tukwanen kawai zai yi a ƙarƙashinta.

Akwai kuma wanda zai ce shi ya ga kirisantimam ya yi fure a Samaru ko a Kaduna ba tare da wata fitila ba. Gaskiya ne, kuma ba a taɓa cewa ba zai yi ba, yin furen da wuri shi ne ma matsalar. Akwai wasu iri, musamman masu ƙananan furanni da aka daɗe ana nomawa a kudancin Indiya, waɗanda suke samun ɗan tsayi a yinin damina ba tare da taimako ba, kuma wanda ya dace da irin wannan ya riƙe shi da kyau. Sau da yawa kuma idan aka duba, tukunyar da ta yi kyau tana zaune ne kusa da ƙwan baranda, mai ita bai san fitilar ce ta yi masa aiki ba. Gwajin ba shi da tsada: a dasa tukunya biyu rana ɗaya daga uwa ɗaya, a ba ɗaya haske a hana ɗaya, a kwatanta su bayan mako shida.

Bayan mako biyu da dashe, idan shukar ta kama ta kai santimita 12 zuwa 15, sai a tsinke mata kai da farce, ɗan santimita ɗaya ko biyu na can sama, a bar ganye shida ko bakwai. Kowane ganye zai fitar da reshe daga hammatarsa, kowane reshe kuma zai ɗauki fure. Wanda ya fara da wuri zai iya maimaitawa bayan mako uku, amma tsinkewar ƙarshe ta riga kashe fitila da mako biyu zuwa uku, don sababbin rassan su samu tsayi. Kirisantimam yana da ci. A makonnin girma a ba kowace tukunya ƙaramin cokalin shayi na takin zamani mai lamba 15-15-15 duk mako biyu, a binne a gefen tukunya nesa da kara, a bi da ruwa nan take. Yuriya zalla tana sa ganye ya yi yawa kara ya yi laushi, ƙwari su samu abinci, gara a bar ta. Ana daina taki da zarar launi ya fara leƙowa a ƙulli. Ban-ruwa kuwa da safe ake yi, a gindi, ba a kan ganye ba, kuma sai an soka yatsa an ji saman ƙasar ya sha iska. A damina wani lokaci sai a yi kwanaki ba a ba shi ba, a hunturu kuwa kullum ne.

Batun ruwa shi ne ƙorafi na gaba, kuma a garin da mutane da yawa ke sayen ruwa a jarka wajen 'yan ga-ruwa ba a yi masa dariya. Amma a yi lissafi. Farkon rayuwar shukar, daga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, yana cikin damina. A hunturu tukunya mai girman da aka ambata tana shan kimanin lita ɗaya a yini, wato tukunya goma ba su shanye jarka guda ba. Ruwan alwala da aka tara a bokiti, da ruwan wankin shinkafa ko na kayan miya, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai garin sabulu ko bilic, saboda gishirinsa yana taruwa a tukunya ya ƙone bakin ganye. Shimfiɗa buntu ko busasshiyar ciyawa a saman ƙasar yana rage ƙafewa sosai, in dai ana duba gara.

Ranar da aka kashe fitila aikin ya juya gaba ɗaya, abin da ake nema jiya ya zama abin gudu yau. Yanzu shukar tana son duhu na gaske, awa 11 zuwa 12 ba katsewa, kowane dare har ƙulli ya nuna launi. Ƙwan maƙwabci da ke haskowa ta saman katanga, fitilar titi, hasken tagar ɗaki, duk suna iya jinkirta fure ko su sa gefe ɗaya na tukunya ya buɗe ɗaya ya ƙi. A unguwa mai cunkoso wannan ya fi samar da haske wuya. Sai a mayar da tukwanen lungun da ba haske, ko a riƙa kifa musu babban kwali ko baƙin ƙyalle mai kauri daga magariba zuwa bayan asuba. Baƙar leda tana tara zafi da gumi, a guje ta. Cikin mako uku zuwa huɗu ƙulli zai bayyana. Mai son manyan furanni sai ya bar ƙulli guda na tsakiya a kan kowane reshe, ya murje na gefe tun suna kamar ƙwayar gero. Mai son tukunya ta rufe da ƙananan furanni sai ya cire na tsakiyar ya bar na gefe. A kafa siraran karare a ɗaure rassan da zare sako-sako, domin iskar hunturu tana karya reshe mai nauyin fure. Idan fure ya buɗe, a janye tukunyar daga ranar la'asar, a riƙa cire wanda ya bushe.

Cututtukan damina na danshi ne: baƙaƙen ɗigo a ganyen ƙasa da ruɓewar gindi. Maganinsu tazara tsakanin tukwane, cire ganyen da ya kamu a ƙone shi, da hana ƙasa fallatsa a kan ganye. Na rani kuwa ƙwari ne. Darɓa tana taruwa a kan toho da ƙulli, kuma ganin tururuwa na hawa da sauka alama ce tana nan. Wanda ya fi ɓarna a hunturu shi ne wani jan ƙwaro mai kama da gizo-gizo, ƙarami har ido ba ya ganinsa sosai, yana zama a bayan ganye, ƙura da bushewar iska suna ƙara masa yawa. Ganye zai yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, sannan ya bushe. Wanke bayan ganye da ruwa da safe sau biyu a mako yana rage shi, ya kuma sauke ƙurar da ke toshe ganyen. Idan abin ya yi yawa, a daka ƙwayar dogonyaro kimanin giram 50, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ta kwana, a tace, a narka ɗan sabulun wanka kaɗan a ciki, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. A tsakar gidan da yara ke wasa ake kuma girki, ban ga dalilin kawo maganin feshin gona mai ƙarfi saboda fure ba. A tsare tukwane daga awaki da kaji, a kuma sani ganyen yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi a fata, yana kuma cutar da kyanwa idan ta ci.

Saura mai cewa duk wannan ɗawainiya a kan abin da ba a ci, da ma alayyafo aka shuka. Ba zan kare furen da amfanin da ba shi da shi ba. Ana yawan cewa yana korar sauro, amma wannan ruɗani ne da wani ɗan'uwansa mai farin fure, wanda ake fitar da maganin ƙwari daga cikinsa, wanda a da Kenya ta daɗe tana kan gaba a nomansa, kuma da shi aka fara yin maganin sauro na hayaƙi a Japan a ƙarshen ƙarni na 19. Na lambu ba ya wannan aiki, ajiye shi a bakin taga ba ya maye gurbin gidan sauro. Shayin da ake yi da furen a ƙasar Sin ma daga irin da aka keɓe don sha ne, ba a dafa wanda aka saya a bakin titi, da ba a san abin da aka fesa masa ba. Abin da yake da shi shi ne yana fure a lokacin da gari ya bushe ya yi fari da ƙura, furensa yana daɗewa a tukunya, idan aka yanka aka sa a ruwa kuma yakan yi mako biyu. Ga mai tunanin sana'a, masu ƙawata wuraren biki suna neman fure mai jure wa yini guda ba yaushi, kuma uwa ɗaya tana ba da rassa masu yawa a shekara. Tukunya shida ba su hana gadon alayyafo zama a gefensu.

Idan fure ya ƙare a Fabrairu, a datse karan a bar santimita 8 zuwa 10. Sabon toho zai fito daga gindi, kuma shi ne irin baɗi. Bazara ce lokacin da aka fi asarar shukar, don haka a zaɓi tukunya biyu ko uku mafiya lafiya, a mayar da su inuwar mangwaro ko gefen katangar da ranar yamma ba ta kaiwa, a ci gaba da ba su ruwa daidai, a rage taki. A mayar musu da fitila tun daga lokacin, a riƙa tsinke kan tohon duk mako uku ko huɗu don kada ya tsufa ya yi itace. Idan ruwa ya sauka a watan Mayu ko Yuni, a zazzage tukunyar, a raba tohon gefe masu saiwa a sabuwar ƙasa, a yar da tsohon gindin tsakiya, wanda yawanci shi ke ɗauke da cuta. Daga waɗannan ne za a yanki rassan Satumba, kuma yana da kyau a ɗaura wa kowace tukunya ƙyalle mai launin furenta, a rubuta makon da ta ɗauka daga kashe fitila zuwa buɗewa, domin da wannan adadi za a tsayar da ranar kashe fitila ta shekara mai zuwa.